Goni Mai Cizon Dalma

A layin masu haɗa amfilifaya da ke bayan Kasuwar Sabon Gari, an yi shekara talatin da 'yan kai ba a sayen wayar liƙi sai Goni ya cije ta. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, amma kowa ya san ta. Idan ɗan kasuwa ya iso da sabon kaya daga Legas ko Anacha, kafin a shiga maganar farashi sai a gutsuro ɗan guntu daga naɗin wayar a kai wa Goni. Shi kuwa sai ya ajiye abin da yake yi, ya goge baki, ya ɗora guntun a kan haƙoransa na ciki, ya lumshe ido. Layi ya yi tsit.

Ita wayar liƙi, wadda ake narkawa a manne kayan cikin rediyo da ita, gamin kuza ce da dalma. Goni ya ce kuza tana kuka idan an cije ta, wani ɗan ƙas-ƙas da ba ya fitowa waje, mai cizon kaɗai ke jin sa a cikin kunne. In waya ta yi kuka sosai, sai ya ce, "A saya." In ta lotsa shiru kamar tuwon jiya, sai ya tofar ya ce, "Wannan dalma ce zalla, a mayar masa da kayansa." An sha ganin ƙato da motar kaya ya juya yana zage-zage saboda haƙori ɗaya.

A Fagge aka haifi Goni. Kakansa ne ya taso daga Dikwa da fatauci, ya ga Kano ta yi masa, ya zauna. Mahaddacin Alƙur'ani ne kakan, sunansa kuma aka sa wa jikan da fatan ya gaje shi. Jikan dai ya yi sauka da ƙyar, da bulala a baya. Yana da shekara goma sha ɗaya ya kwance rediyon mahaifinsa don ya ga mai maganar, ya mayar da ita, ƙusoshi huɗu suka yi ragowa, kuma ta ci gaba da magana. Mahaifin ya daɗe yana kallon ƙusoshin nan. Washegari ya kama hannunsa, suka tsallaka titi zuwa Sabon Gari, ya damƙa shi ga wani mai gyaran rediyo, Oga Chinedu.

A wurin Oga Chinedu ya koyi cizon waya, a can kuma ya samu Cyprian, ɗan maigidan, sa'ansa. Benci ɗaya suka girma a kai, ƙarfen liƙi ɗaya ya ƙona musu yatsu. Da suka kawo ƙarfi kowa ya buɗe shagonsa, bango ɗaya ya raba su, kuma tun daga ranar ba su daina musu ba. Goni ya shahara da amfilifayar masallaci. Ladanai sun ce tasa ba ta shaƙewa ko da asubar damina. Masu adaidaita sahu ma suna zuwa ya haɗa musu ƙarama wadda za ta dami fasinja da kiɗa. Idan yana aiki, hannun dama na riƙe da ƙarfe, na hagu na riƙe da fanel, wato farantin nan da ake dasa kayan cikin na'ura a kai, ita kuwa wayar tana maƙale a bakinsa, yana sunkuyawa yana miƙa ta. Yakan ce Allah ya ba kowa hannu biyu, shi ya ƙara masa na uku a baki.

To, a bara ne wannan hannu na uku ya kusa raba shi da bencinsa.

Wata Talata wasu ma'aikatan lafiya da na muhalli suka shigo layin da fararen riguna da 'yan akwatuna. Suka leƙa kwata suka ga ruwan asid ɗin da ake cinye tagullar fanel da shi, ya rina ta ja. Suka shinshina kwanon fetur da ake wanke fanel a ciki. Sannan shugabarsu, wata 'yar siririyar mace mai tabarau, ta tsaya a ƙofar shagon Goni ta ga dattijo da waya a baki. Ta ce, "Baba, me kake ci?"

Ya ce, "Ba ci nake ba, 'yata, aiki nake."

Ta ce, "Shekara nawa kana wannan aikin haka?"

Ya ƙidaya da yatsu, wayar na rawa a leɓensa. "Arba'in da bakwai."

Baiwar Allah ta cire tabarau ta goge ta mayar. A ranar aka ɗebi jinin kowa a layin.

Da sakamako ya fito bayan mako biyu, sai layin ya koma kamar ranar da aka kafe jarrabawa. Kowa na riƙe da takardarsa yana leƙen ta maƙwabci. Cyprian ya samu ashirin da ɗaya. Wani ya samu talatin, aka tafa masa. Goni ya samu sittin da biyu, ya ɗaga takarda sama ya zaga layi da ita, yana cewa tun yana makarantar allo bai taɓa zuwa na ɗaya ba sai yau. Mai tabarau ta yi ta bayani cewa wannan lamba ce da ake so ta yi kusa da sifili, gubar dalma ce, tana cin jijiya da ƙoda, tana kashe wuyan hannu. Goni ya ce gubar dalma ai ta masu haƙar zinare ce a daji, shi ɗan birni ne. Abin da bai faɗa ba shi ne, ya kai shekara biyu hannunsa na dama na yi masa nauyi da yamma, har ƙarfe ya taɓa suɓuce masa ya ƙona masa wando. Wannan yana ba shi tsoro ƙwarai, shi ya sa dariyarsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Ƙungiyar masu layin ta zauna, kuma shugabanta ba kowa ba ne illa Cyprian. Aka yanke cewa nan da wata uku kowa ya bar waya mai dalma ya koma sabuwa, ta kuza da ɗan jan ƙarfe. A daina wanki da fetur, a koma sifirit. Ruwan asid a tara shi a jarka, za a riƙa zuwa ɗauka. Ranar da wa'adi ya cika, kowa zai haɗa fanel a gaban kwamiti da sabuwar waya, a kunna a ji. Wanda ya ƙi, ko ya kasa, ya bar layin.

Goni ya leƙo ta saman bango ya ce, "Ranka ya daɗe Shugaba, ashe ni za ka yi wa jarrabawar liƙi? Ni da na riƙe maka hannu ranar da ka manne yatsanka a jikin rediyo?"

Cyprian, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari, ya ce, "Goni, ni fa ba ni da wani aboki da zan yi wa tsiya in ka mutu. Ka taimaka mini."

Aka kawo sabuwar waya, kuma bisa al'ada aka kai wa Goni. Ya cije. Waɗanda ke wurin sun ce idonsa ya buɗe da kansa. Tun da yake bai taɓa jin waya ta yi kuka irin wannan ba, don kusan kuza ce tsantsa. Bisa hukuncin haƙorinsa na shekara da shekaru, wannan ita ce sarauniyar wayoyi. Amma Goni ba mutumin da za a kama da hujjarsa ba ne. Ya tofar ya ce ta cika surutu. Ya gwada ta a fanel, ta ƙi narkewa sai da ƙarfe ya yi zafin gaske, ta ƙi gudu yadda ya saba, da ta daskare kuma sai ta yi dishi-dishi, babu ƙyallin nan da yake tinƙaho da shi. Ya ce shi ba zai sa wa ɗakin Allah liƙi mai kama da miyar kuka ba. Ya jefa naɗin a aljihun tebur, ya ci gaba da harkarsa. Wata guda ya wuce a haka.

Ma'aikatan sun ce duk wanda lambarsa ta yi sama ya kai iyalinsa gwaji, don ƙurar dalma na bin riga zuwa gida. Goni bai kai wannan saƙo gida ba. Sai dai yana da 'ya, Jawahir, ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a nan Fagge, kuma labarin mutumin da ya zaga layi da takardar jininsa ba ya ɓoyuwa. Ba ta tsaya neman izini ba. Ta sa mahaifiyarta Yakaka a adaidaita sahu ta kai ta asibiti.

Yakaka mace ce mai ƙamshin turaren wuta da kaifin baki, wadda ba ta taɓa taka shagon mijinta ba sai sau biyu a rayuwa. Ta daɗe tana fama da murɗawar ciki da ciwon kai. An ce hawan jini ne, an ce gyambon ciki ne, ita kuwa ta ce Goni ne. Lambarta ta fito talatin da takwas, ta fi ta Cyprian da ya kwana ya tashi a kan benci.

Jawahir ta ce wannan ya fi ƙarfin ƙurar riga. Ranar Juma'a da hantsi ta zo gidan ta hau bincike, Goni na zaune a tabarma yana shan kunu yana yi mata dariya. Ta duba randa, ta duba kwalli, ta duba fentin bango. Sai ta shiga madafa. Can ta fito riƙe da babbar langar da Yakaka ke jiƙa tsamiya a ciki kullum don kunu, ta zubar da ruwan, ta kife ta, ta ɗaga wa rana. Gindin langar na ɗauke da liƙi bakwai, farare, masu ƙyalli, kowanne da kyau kamar an zana.

Ta ce, "Baba, wa ya liƙe wannan?"

Ya ce, cike da alfahari, "Wa kuwa zai yi irin wannan aiki a Kano in ba ubanki ba?"

Ga yadda abin yake. Goni yana da wata ɗabi'a da duk Fagge ta san shi da ita: ba ya iya ganin kwano mai yoyo ya wuce. Langa, kwanon sha, butar shayi, ludayin ƙarfe, duk abin da tsatsa ta huda, sai ya tafi da shi shago ya dawo da shi garau. A gidansa ba a taɓa yar da kwano ba. Matan unguwa suka gane, suka riƙa aiko nasu, bai kuma taɓa karɓar ko sisi ba. Ya ɗauke shi sadakarsa, tunda dai bai zama malami ba. Kuma don ya kyautata, da wayar da haƙorinsa ya ƙi yake yi, mai yawan dalmar nan, saboda ta fi laushi ta fi toshe rami.

Jawahir ta zauna a bakin tabarma ta yi masa bayani a hankali. Tsami yana narkar da dalma. Tsamiya, zoɓo, lemon tsami a shayi, duk abin da aka jiƙa ya kwana a kan liƙin nan, yana tsotso ta ya kai ciki. Goni ya dubi kofin kunun da ke hannunsa, ya ajiye shi a ƙasa.

Yakaka ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali. Ta ce, "Malam, ashe da na ce kai ne ciwon kaina ban yi maka ƙarya ba."

Da wasa ta faɗa, don ta rage masa nauyi. Bai yi dariya ba. Mutumin da aka ce masa jininsa guba ne ya yi rawa, yau an ce masa na matarsa, sai ga shi yana share ido da hannun riga. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da wani irin haushin kansa da bai san inda zai kai ba. Shekara talatin da huɗu yana ganin gata yake yi mata.

Jawahir ta ce, "Baba, saura na mutane. Kwanuka nawa ka liƙe a unguwar nan?"

Bai sani ba. Ba wanda ya sani.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Cyprian ya tarar da shi a ƙofar shago, layi babu kowa, naɗin sabuwar waya a hannunsa. Goni ya ce, "Zo ka koya mini, amma in ka faɗa wa wani sai na ce ƙarya kake." Cyprian ya cire kwat ya zauna. Ya ba shi ƙarfe mai zafi fiye da nasa, ya nuna masa yadda ake ɗan jinkirtawa kafin a ɗaga. Ya lanƙwasa wata waya mai kauri ya kafa ta a benci ta riƙe naɗin, don baki ya huta. Bakin dai ya ƙi hutawa. Da zarar Goni ya sunkuya sai ka ga leɓe na neman waya da kansa. Sau uku Cyprian na buge masa haɓa. A ƙarshe Yakaka ce ta warware matsalar, ta yanko masa asuwaki ya riƙa cizawa yayin aiki.

A wannan zaman ne Goni ya gaya wa Cyprian zancen kwanuka. Cyprian ya tuna matarsa ma ta sha aiko da nata. Sannan ya ce, "A bi gida-gida a hankali, a ce za ka sake musu gyara. In ka fito fili, sunanka ya lalace. Wane ladani ne zai kawo aiki wurin mutumin da ya shayar da unguwa guba?"

Goni ya kai wannan shawara gida. Yakaka ta ce, "Gida-gida ina? Rabin kwanukan nan sun bi 'yan mata gidan miji. Wasu suna Kurna, wasu suna Rijiyar Lemo, wasu an ba da su kyauta. Ka san ƙofar da za ka buga?" Likita ya ɗora su duka biyun a kan magani, aka sayo robobi da sababbin tukwane, kwanaki suka yi ta tafiya, Goni na koyo yana saƙe-saƙe.

Ranar jarrabawa layin ya cika, har da waɗanda ba abin da ya kawo su sai ganin Goni a gaban kwamiti. Mai tabarau na nan, Cyprian na riƙe da biro yana yin kamar bai san shi ba. Goni ya zauna, asuwaki a baki. Hannun ya yi masa nauyi a liƙi na farko, ya tsaya, ya yi bisimilla, ya sake. Ya ɗauki kusan ninkin lokacin da ya saba. Liƙin ya fito dishi-dishi, ba kyan gani, amma daram. Aka haɗa lasifika, aka miƙa masa makirfo ya gwada. Kowa na jiran "Halo, halo, ɗaya, biyu."

Ya murɗa ƙarar har ƙarshe. Ya cire asuwaki.

"Assalamu alaikum. Ni ne Goni na Fagge, mai amfilifaya. Duk wanda na taɓa liƙe wa kwano, ko langa, ko butar shayi, don Allah kada ya ƙara cin abinci a ciki. Dalma na sa, guba ce, ban sani ba. Matata tana shan magani saboda ita. A kawo mini su gida, a kai yara a auna jininsu. Wanda ya bayar da nasa ya bi sawu. Ku yafe mini."

Muryar ta fita tas, ba shaƙewa, ta tsallake rumfuna har masu lodin kaya a bakin titi suka ɗago kai. Mai tabarau ta sake cire tabarau. Cyprian ya daɗe yana kallon takardarsa, sannan ya ce da ƙarfi, "Amfilifaya tana aiki. Benci na mai shi ne." Ya sunkuyo ya ƙara da raɗa, "Amma kai dai ba ka jin magana."

Da la'asar Goni ya ɗaure lasifikar a kan wata adaidaita sahu, ya shiga baya da makirfo, suka bi lungunan Fagge ɗaya bayan ɗaya yana maimaita maganar. Kwana uku yana yi. Wasu sun ɗauka tallan magani ne. Wani ya leƙo ta taga ya zage shi, kuma Goni ya ce yana da gaskiya. Wani masallaci ya janye aikin da ya ba shi.

Sai kwanuka suka fara zuwa. Daga Fagge, daga Sabon Gari, daga unguwannin da bai taɓa zato ba, a buhu, a kan ka, a bayan babur. Mata na ajiyewa suna yi masa tsiya. Wata tsohuwa ta ce shekara ashirin tana yi masa addu'a a kan wannan buta, yanzu ya gaya mata yadda za ta karɓo addu'arta. Wata ta tambaya ko zai liƙe mata da sabuwar wayar, ya ce ya tuba, abin cin abinci in ya huje ya gama aiki. Soron gidan ya cika har ba wurin shimfiɗa tabarma. Kuma babu liƙi ɗaya a ciki da bai gane ba.

Jawahir ta ce za a zo a kwashe su, amma kafin nan dole a lalata su, in ba haka ba wani zai tsinta ya kai gida. Don haka ranar Lahadi da safe Goni ya zauna a soro da guduma da ƙusa mai kauri. Ya ɗauki kwano, ya kife, ya sa ƙusa daidai kan liƙinsa, ya buga. Ya ɗauki na gaba. Yakaka na zaune kusa tana miƙo masa, tana faɗar sunan mai kowanne da abin da ta taɓa yi mata. Har azahar suna yi.

Ta ƙarshe ita ce langar tsamiya. Yakaka ta miƙo masa. Ya kife ta, ya ɗora ƙusa, ya ɗaga guduma, sai hannun ya tsaya a sama. Ya sauke, ya sake ɗagawa, ya kasa.

Yakaka ta matso ta zare gudumar daga hannunsa. Ta ce, "Riƙe mini ƙusar, Malam. Ka kula da yatsunka, gobe akwai aiki."

Ya riƙe da hannu biyu, ta buga.